Yadda ake hawan babur ɗin ƙanƙara a dajin gwamnati na Montana: dokar hanya da tsira daga zaftarewar dusa

Duk wanda zai hau babur ɗin ƙanƙara, wato injin hawa mai tafiya a kan dusar ƙanƙara, a duwatsun da ke kewaye da garin Cooke City a Amurka, takardu biyu ne ke yanke masa inda zai taka. Ta farko taswirar Hukumar Gandun Daji ta Amurka, mai nuna inda doka ta yarda inji ya shiga. Ta biyu hasashen zaftarewar dusar ƙanƙara na safiyar ranar, mai nuna inda dutsen ke shirin zubowa. Takardun nan ba ruwan ɗaya da ɗaya. Gangaren da taswira ta halatta maka, shi ne kuma zai iya binne ka, domin a dajin gwamnati babu ma'aikacin da ke fita da asuba yana fasa dusar da ta taru, kamar yadda ake yi a wuraren wasan sulu na kuɗi.

Na zaɓi Cooke City ne saboda duk abin da ake bukatar koya ya taru a wuri guda. Ɗan ƙaramin gari ne a kudancin Montana, a tsayin kimanin mita 2,300, kusa da ƙofar arewa maso gabas ta gandun Yellowstone. 'Yan uwanmu da ke karatu ko aiki a Amurka sukan bi abokai zuwa irin waɗannan wurare a hutun ƙarshen shekara, su yi hayar babur ba tare da sanin me suka shiga ba. Abin da zan faɗa ya shafi sauran duwatsun yammacin ƙasar, sunaye da kuɗin takardu ne kawai ke bambanta.

Fara da sanin ƙasar wa za ka taka

Mafi yawan inda ake hawa a arewacin garin, wato hanyoyin Daisy Pass da Lulu Pass, yana cikin dajin Custer Gallatin, wanda faɗinsa ya haura eka miliyan 3. Amma garin a matse yake. Ta yamma Yellowstone ce. Ta arewa da gabas keɓaɓɓen dajin Absaroka-Beartooth, wanda aka ware a 1978. Ta kudu, cikin jihar Wyoming, keɓaɓɓen dajin North Absaroka. Dokar keɓaɓɓun dazuzzuka ta 1964 ta hana shigar da duk wani abu mai inji cikin irin waɗannan wurare, kuma hukuncin yana iya kaiwa tarar dala 5,000, ko ɗaurin wata 6, ko duka biyun.

Matsalar ita ce iyakar ba katanga ba ce. Alama ce a jikin itace ko sanda, an rubuta Wilderness, kuma a tsakiyar hunturu dusa kan haɗiye ta ɗungurungum. Ka ga sawun babura ya miƙa gaba, ka bi, ashe wanda ya yi sawun shi ma ya karya doka. Ma'aikacin daji ba ya karɓar "ban ga alama ba". Saboda haka kafin ka bar gida, shiga shafin intanet na dajin ka nemo taswirar da aka yi musamman domin ababen hawa na kan dusa. Tun 2015 doka ta wajabta wa kowane dajin tarayya mai samun dusa ya tsara inda za a hau da inda ba za a hau ba. Sauke taswirar a waya ta manhaja irin Avenza, wadda ke nuna maka ɗigon inda kake ko babu sabis. A duwatsun nan kuwa babu shi. Ka karɓi ta takarda ma a ofishin hukumar ko shagon haya, don sanyi yana shanye batirin waya kafin ka ankara.

Ka karanta ƙananan rubutun gefen taswirar. Nan ake sa ranakun buɗewa da rufewa, da wuraren da aka rufe domin namun daji masu fama da yunwar hunturu, da filayen mutane da ke tsakiyar dajin gwamnati. Korar namun daji da babur laifi ne, ko da wasa.

Yellowstone tata dokar daban ce gaba ɗaya. Hanyar mota daga Gardiner, ta kwarin Lamar, zuwa Cooke City a buɗe take duk shekara, kuma ta nan ake jawo babura a tirela. Amma hawa babur a cikin gandun sai a kan hanyoyin da aka ware, daga tsakiyar Disamba zuwa tsakiyar Maris, da lasisin tuƙi, da injin da ya cika sharaɗin ƙarancin hayaƙi da ƙara, kuma bayan jagora mai izini. Mai son shiga ba tare da jagoran haya ba sai ya shiga ƙuri'ar da ake yi a watan Agusta, kuma tawaga ba ta wuce babura 5. Sauka daga hanya zuwa cikin fili haramun ne.

Takardu

Wannan ba ya ɗaukar lokaci. Idan hayar babur ka yi a garin, tambayi mai shago ko sitikar rajista tana jiki, kuma wace jiha ta shafa. Idan naka ka kawo daga wata jiha, Montana tana bukatar izinin baƙo na wucin gadi, ana sayensa a shaguna ko ta hukumar kifi da namun daji da wuraren shaƙatawa ta jihar. Abin da baƙi ke mantawa shi ne hanyar da ta yi gabas daga Cooke City tana faɗawa Wyoming, kuma Wyoming tana da tata sitikar. A kan hanyar da aka daddaɓe, riƙe hannun dama, rage gudu a kwana, ba motar daddaɓe hanya wuri. Tuƙi cikin maye laifi ne a kan babur ɗin ƙanƙara ma.

Kayan da ba a fita sai da su

Uku ne, kuma kowa a tawaga sai ya mallaki nasa: na'urar sigina, sandar soki, da shebur.

Na'urar sigina ƴar akwati ce kamar waya, tana aika sigina a kan mita 457 kilohaz, kuma duk kamfanoni a kan wannan mitar suke, don haka kowace tana jin kowace. A jiki ake ɗaura ta, ƙarƙashin rigar sanyi. Ka nisanta ta da waya da rediyo da safar hannu mai batir aƙalla santimita 20 in tana aikawa, santimita 50 in kana nema da ita. Sandar soki ta ƙarfe ko kabon ce mai naɗewa, tsawon mita 2.4 zuwa 3. Shebur kuwa na ƙarfe, kada ka yarda da na roba, don dusar da ta zaftare tana daskarewa da tauri cikin daƙiƙu.

Sanda da shebur a jakar bayanka za su zauna. Mahaya da yawa suna ɗaure su a jikin babur don sauƙi, alhali in dutse ya zubo, babur na iya nutsewa wani wuri kai kana wani wuri. Jaka mai balan-balan, wadda ake fizgar igiya ta kumbura ta taimaka wa mutum ya zauna a saman dusa, tana ƙara damar tsira sosai, amma ƙari ce a kan ukun nan. A ranar 31 ga Disamba 2022 wani matashi ɗan shekara 21 ya rasu a Crown Butte, kusa da Daisy Pass. Yana goye da irin jakar, ba ta buɗe ba, kuma babu na'urar sigina a jikinsa. Sai da mutane suka jeru suna soka sanduna kusan awa guda kafin a same shi.

Ƙara da hular kwano mai rufe fuska, igiyar kashe inji a ɗaure a jikinka, rediyon hannu, na'urar aika saƙo ta tauraron ɗan'adam irin inReach, bel ɗin inji na ko-ta-kwana, ashana, abinci da ruwa. A ƙarshen Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe biyar, Azahar da La'asar duk a kan dutse za su same ka, don haka ka fita da alwalarka ka kuma tsara dawowa da sauran haske.

Sayen kaya bai isa ba. Nemi aji. Ƙungiyar abokan cibiyar hasashe ta Gallatin ta saba ba da darasi kyauta a Cooke City a ƙarshen mako, akwai kuma kwasa-kwasan mahaya babur na AIARE, wata ƙungiyar horarwa kan zaftarewar dusa. In ba ka taɓa binne jaka mai na'ura ka nemo ta da agogo a hannu ba, to ba ka iya ba tukuna.

Karanta hasashe kafin a tayar da inji

Cibiyar hasashen zaftarewa ta dajin Gallatin, da ke Bozeman, tana fitar da bayani kullum da sassafe a lokacin hunturu a mtavalanche.com. Na sauran sassan Amurka suna avalanche.org. Matakan haɗari biyar ne: 1 kore, 2 ɗorawa, 3 ruwan goro, 4 ja, 5 baƙi.

Ja da baƙi ba su cika yaudarar kowa ba, jama'a kan zauna a gari ko su yi wasa a shimfiɗaɗɗen fili. Ruwan goro ne ya fi cin rayuka. A matakin 3 dutsen ba lalle ya zubo da kansa ba, amma da alama ƙwarai zai zubo in mutum ya taka shi. Sama ta yi garau, sabuwar dusa tana ƙyalli, sai ido ya ruɗu. A ganina baƙo ya ɗauki 3 a matsayin ja.

Kada ka tsaya ga launin. Bayanin da ke ƙasa ya fi shi amfani: wace irin matsala ce, a wane tsayi, a gangaren da ke fuskantar ina. Ga abin da ke kashe mahaya. Dusa tana sauka hawa-hawa. In ta sauka kaɗan a farkon hunturu sannan aka yi kwanaki ana sanyi da sararin sama, wannan siririn hawan yana rikiɗa ya zama tsaba-tsaba, ba ya kama juna, in ka damƙa ya zube ta tsakanin yatsu. Daga baya dusa mai nauyi ta sauka a kai, iska ta daddanne ta ta zama faifai guda. Abin ya zama kamar tabarma shimfiɗe a kan tsabar gero a bisa rufin kwano: tana nan lafiya har sai an taɓa ta, sannan ta tafi gaba ɗaya. Irin wannan raunin yakan yi makonni, wani lokaci watanni. Mutum goma na iya haye gangaren su sauko lafiya, na sha ɗaya ya taka inda faifan ya yi siriri, tsaga ta ruga faɗin dutsen. Babur da mahayinsa sun kusa kilo 300, kuma bel ɗin ƙasa da yake tafiya a kai yana haƙa ƙasa-ƙasa.

Kusan kashi 90 cikin ɗari na haɗurran nan, wanda abin ya ci ko wani ɗan tawagarsa ne ya tayar da zaftarewar. A Amurka ana rasa mutum 25 zuwa 30 a matsakaicin hunturu, a na 2020 zuwa 2021 an rasa 37.

Yanzu ku ɗora hasashen a kan taswirar, ku duka, a ɗaki mai ɗumi. Ku ambaci sunan wuraren da ba za ku taka ba yau: Henderson, Crown Butte, Scotch Bonnet, ko duk wanda bayanin ya nuna. Ku yi alkawari cewa wanda aka rufe a ɗaki ba a buɗe shi a dutse, kuma in mutum ɗaya ya ce hankalinsa bai kwanta ba, magana ta ƙare. Ku bar wa wani a gari inda za ku da lokacin dawowa.

A bakin hanya

Mutum ɗaya ya juya na'urarsa zuwa nema, sauran su wuce ta gabansa ɗaya bayan ɗaya ya tabbatar kowa yana aikawa, sannan shi ma ya mayar da tasa a duba shi. A duba batiri. Allon lantarki da ake kafawa a bakin wasu hanyoyi yana taimakawa, amma ba ya gwada ko taka tana iya nema.

A kan dutse

Zaftarewa tana tashi ne a gangare mai digiri 30 zuwa 45, ta fi yawa wajen 35 zuwa 40. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A farin dutse bai sani ba, musamman idon da bai saba ba. Auna da manhajar waya, ko ka yi amfani da taswira mai rina gangare da launi irin CalTopo ko onX. Ƙasa da digiri 30, kuma babu wani tsayayyen gangare a samanka, za ka iya wasa yini guda ko da hasashe ya yi muni. Wannan sharaɗi na biyu shi ake mantawa. In raunin nan na ƙasa yana nan, kana iya tsaga shi daga shimfiɗe a gindin dutse, abin ya zubo maka daga sama.

Dutsen yana magana. Sabuwar zaftarewa a gangaren da ke gefe ita ce babbar shaida. Tsaga da ke harbawa gaba daga hancin babur. Wata ƙara mai zurfi, "wum", ƙasa ta ɗan nutse da kai. Dusa santimita 30 ko fiye cikin kwana guda. Iska tana kwasar dusa daga kan tudu tana jibgewa a ɗaya gefen. Ɗumi kwatsam ko ruwan sama. Mahayi yana da nakasu a nan, domin ƙarar inji da hular kwano suna toshe masa kunne. Ka riƙa tsayawa, ka kashe inji, ka sauka ka taka gefe. A kan tudu kuma ka nisanci baki, don iska tana gina leɓen dusa da ke rataye a kan fanko, yana karyewa can baya da inda kake zato.

Doka mafi girma: mutum ɗaya a kan gangare a lokaci guda. Sauran su tsaya can gefe, nesa da inda dusa za ta sauka, hancin babura yana kallon hanyar gudu, idanu a kan mai hawa. A Maris 2010 a Boulder Mountain kusa da Revelstoke a Kanada, mutane kimanin 200 sun taru a gindin gangare suna kallon gasar wa zai fi hawa sama. Dutsen ya zubo a kansu, biyu suka mutu, kusan 30 suka ji rauni.

Sai wadda ta fi wuya a zuciya. Abokinka ya kafe a tsakiyar gangare, yana ɗaga hannu. Kada ka hau. Zumunci zai ce ka je, amma nauyin babur na biyu, musamman in ka bi ta samansa, shi ne sau da yawa ke tsinka faifan, sai a binne mutum biyu a rage masu tono. Bar shi ya haƙa ya juyo da kansa, kana kallonsa daga wuri mai aminci kuna magana ta rediyo. Ku faɗa wa juna wannan tun a gari, kada wani ya ɗauka rashin mutunci ne.

Ka lura da abin da ke ƙasan gangare ma. Kwazazzabo ko gadon rafi yana tara dusa mai zurfi a kan mutum, itatuwa da duwatsu kuma suna karya shi tun kafin a binne shi.

In ta tashi da kai

Buɗe maƙura ka yi ƙoƙarin ficewa ta gefe a karkace. In ta riga ta kayar da kai, fizgi igiyar jaka nan take, rabu da babur, yi ta fafutukar zama a sama. Da ka ji tana rage gudu, kai hannu gaban fuska don samar da ɗan sararin numfashi. In ta tsaya ko yatsa ba za ka iya motsawa ba.

In ta binne ɗan'uwanka

Wanda aka tono cikin minti 15 na farko, in rauni bai kashe shi ba, kusan tara cikin goma suna rayuwa. Bayan minti 35 abin ya faɗo zuwa kimanin ɗaya cikin uku. Masu ceto daga gari ba za su iso cikin wannan lokaci ba. Ku ne. Kada a tura kowa neman taimako, a danna maɓallin gaggawa na na'urar tauraro a ci gaba da aiki.

Riƙe da ido inda ka gan shi na ƙarshe. Dubi sama ko akwai sauran faifai a rataye. A Disamba 2008 kusa da Fernie a Kanada mahaya 8 sun mutu, kuma zaftarewa ta biyu ta sauka ne a kan masu tonon waɗanda ta farko ta binne. Mutum ɗaya ya zama jagora, ya ƙirga wa ya ɓace. Kowa ya juya na'ura zuwa nema, kowa da kowa, don guda ɗaya da aka manta tana aikawa za ta sa ku yi ta bin mai rai. A kashe injuna, suna rikita sigina.

Fara daga inda aka gan shi na ƙarshe ka yi ƙasa, kana ratsa tarin dusar a layuka masu tazarar mita 30 zuwa 40, kana duba safar hannu ko takalmi da ya leƙo. In ka ga wani abu, ja shi, wataƙila da mutum a jiki. Babur kuma ba lalle mai shi yana wurin ba. Da sigina ta shigo, bi kibiya da sauri muddin lamba tana raguwa. In tana ƙaruwa, juya. A mita 10 rage gudu. A mita 3 durƙusa, na'ura dab da dusa, kada ka jujjuya ta, kai ta gaba da baya, dama da hagu, har ka sami mafi ƙanƙantar lamba.

Soka sanda a nan, a miƙe da fuskar gangaren, kana kewayawa waje da tazarar santimita 25. Jiki yana da taushi da ɗan dawowa, ba kamar dutse ko ƙasa ba. Ka same shi, bar sandar a tsaye. Kada ka tsaya a kansa ka haƙa rijiya. Ja baya ta ƙasan gangare kimanin ninki ɗaya da rabi na zurfin, ka haƙo zuwa ga sandar kana watsa dusa gefe da baya. Tono shi ke cin mafi yawan lokaci, don mutumin da ke zurfin mita ɗaya sai an kwashe dusa tan guda ko fiye. In kuna da yawa, ɗaya a gaba yana sara, na baya suna kwashewa, ku riƙa sauya na gaban duk bayan minti ɗaya zuwa biyu.

Fuska za ku fara nema. Cire dusa daga baki da hanci, buɗe ƙirji ya sami wurin motsi. In ba ya numfashi, a fara hura masa iska da danna ƙirji. In yana numfashi, a kula da wuya da ƙashin baya, a raba shi da dusa da jakunkuna ko riguna a ƙarƙashinsa, a lulluɓe shi. In akwai wani a binne, kashe na'urar wanda aka tono. Da an gama nema kowa ya mayar da tasa zuwa aikawa. Ko da ya miƙe yana cewa lafiyarsa ƙalau, asibiti za a kai shi, kuma daga Cooke City a hunturu tafiya ce mai nisa ta cikin Yellowstone.

Da kun dawo gari, ku aika wa cibiyar Gallatin abin da kuka gani ta shafinsu: wuri, tsayi, inda gangaren ke fuskanta, da hoto in akwai. Ko tsaga kawai kuka gani ko kuka ji "wum", ku aika, da irin waɗannan rahotanni ake haɗa hasashen gobe.